Wa Ke Amsa Wasiƙun Uwargida Pinkham?

Wata ɗaliba da ke karatun aikin jinya ta aiko mini da tambaya. Ta ce ta ga hoton wata tsohuwar kwalbar magani ta Amurka mai fuskar wata dattijuwa a jiki, ana kiran mata su rubuto wa dattijuwar duk abin da ke damunsu a asirce, za ta ba su shawara kyauta ta gidan waya. Tana so ta san ko da gaske ita ce ke amsawa, ko maganin yana aiki, da kuma abin da ya haɗa wannan da "Patent Medicine Store" da ake rubutawa a allon kemis. A ƙarshen saƙon ta ƙara da cewa gwaggonta ta kusa shekara tana karɓar magani daga wani mutum da ba ta taɓa gani ba: ta yi masa bayani ta waya, shi kuma ya ba direba ya kawo tasha.

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Matar da kika gani sunanta Lydia Pinkham, kuma an yi ta da gaske. Ta amsa wasiƙu da hannunta na 'yan shekaru, sannan ta rasu, aka ci gaba da amsawa da sunanta har shekara 22 kafin asiri ya tonu. Na daɗe ina ba ɗalibaina na fannin haɗa magunguna labarinta, kuma kullum batun wasiƙun ya fi tsaya mini a rai fiye da na kwalbar. Layin ƙarshe na saƙonki ya sa zan tsawaita.

Bari in fara da kalmar da ke allon kemis, don ita ce mai sauƙi. A Ingila ta da, sarki kan ba mutum takardar izini mai hatimi, wadda ke cewa shi kaɗai ke da ikon yin wani abu ya sayar. Sunan takardar ke nan, "patent". Wasu masu haɗa magani sun samu irinta, kamar Richard Stoughton da ya karɓi tasa a 1712, sai sunan ya bi duk maganin da ake durawa a kwalba ko a kwali a sayar da sunan mai shi. Amma galibin waɗanda suka yi tashe daga baya ba su da wannan takarda, ba su ma neme ta ba, domin mai nemanta dole ya bayyana abin da ya zuba a ciki, bayan wasu shekaru kuma kowa na iya kwaikwaya. Suna suke yi wa rajista, da siffar kwalba, da hoton da ke jiki. Haɗin kuwa daga su sai Allah. Turawan mulkin mallaka suka zo mana da kalmar a cikin dokokinsu, shi ya sa har yau lasisin mai ƙaramin kemis a Nijeriya ke ɗauke da ita, ko da yake yanzu abin da take nufi shi ne magungunan da aka yarda a sayar cikin kwalinsu na asali ba sai da takardar likita ba.

Da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta sa aka binciki irin waɗannan magunguna ta buga sakamakon a 1909, an tarar ƙwayar Beecham's Pills, wadda ake tallarta da cewa kwali ɗaya ya cancanci sule 21, ba komai a cikinta sai busasshen ruwan wani dangin alobera mai sa bayan gida, da citta, da sabulu. Ana sayar da kwalin sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, alhali kayan haɗin ba su kai anini biyu ba. Kwabo ɗaya da rabin nan harajin gwamnati ne, ana manna takardar shaidar biya a jikin kwalin, mutane da yawa kuwa suka ɗauka gwamnati ce ta gwada maganin ta amince da shi.

An haifi Lydia Estes a 1819 a garin Lynn da ke jihar Massachusetts, kusa da Boston. Gidansu masu yaƙi da bautar da bayi ne, ta kuma yi koyarwa kafin ta auri Isaac Pinkham a 1843. Kamar yawancin matan zamaninta, tana da littafin da take rubuta magungunan gida, tana dafa saiwoyi ta ba maƙwabta kyauta. Karayar tattalin arzikin da ta auka wa Amurka a 1873 ta cinye dukiyar mijin, wanda harkar filaye yake yi. A 1875, tana da shekara 56, gidan ya fara sayar da haɗin nata a kwalba, dala ɗaya kowace, da sunan Lydia E. Pinkham's Vegetable Compound. Ita ke dafawa, ita ke rubuta takardun talla, 'ya'yanta maza na bin gida-gida suna rabawa. A 1879 ɗanta Dan ya kawo shawarar a sa hotonta a jikin kwalba da cikin jarida: tsohuwa mai furfura, baƙar riga da farin leshi a wuya, fuska irin ta kakar da za ki iya faɗa wa komai ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Hoton nan ne ya ɗaga kasuwar. Dan da ƙanensa Will ba su ci moriyar wahalarsu ba, tarin fuka ya ɗauke su duka biyu a 1881. Uwar ta bi su ranar 17 ga Mayu, 1883, lokacin da cinikin shekara ya kai kusan dala 300,000.

Me ya sa mata suka riƙa rubuto mata? Wannan ne ya kamata ki tsaya a kai, ke da za ki yi aiki a gefen gadon marasa lafiya. Likitan wancan zamani kusan kullum namiji ne, kuma tarbiyyar lokacin ba ta yarda mace ta ambaci al'ada ko mahaifa a gaban namiji ba. Akwai likitocin da ke duba mace ta ƙarƙashin mayafi, da laluben hannu, suna kawar da kai. Wadda ta daure ta je kuma, abin da za ta tarar ba lallai ya fi zama a gida ba. Ana ba da maganin wanke ciki mai zaiba a ciki, wanda ke sa yawu ya yi ta zuba har haƙora su yi girgiɗi. A 1872 wani likita a jihar Georgia, Robert Battey, ya fara cire wa mata ma'ajiyar ƙwai lafiyayya don maganin ciwon mara da abin da suke kira ciwon jijiya, wasu suka kwaikwaye shi, mata da dama suka mutu a wannan tiyata. A cikin wannan hali sai ga tsohuwa a jarida tana cewa mace kaɗai ke gane ciwon mace. Mu ma ai haka muke faɗa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuɗin kan sarki kawai za ki kashe, ba wanda zai ga jikinki, ba wanda zai ji a unguwa.

Ban ɗauki Lydia a matsayin 'yar damfara ba, kuma ina faɗin haka ne bayan na auna. Takardun kamfanin suna nan a ajiye a ɗakin karatu na Schlesinger a jami'ar Harvard, har da abin da ta rubuta da hannunta. Shawararta ta fi ta likitoci da yawa na lokacin hankali: a ci abinci mai sauƙi, a yi wanka, a buɗe taga iska ta shiga, a motsa jiki, a daina matse ƙugu da ɗamarar ƙawa da matan zamanin ke ɗaurawa har numfashi ya gagara. Ta yi wa mata bayanin jikinsu da kalmomin da suke ganewa a lokacin da ba mai yi musu. Inda nake ganin laifinta shi ne tallar da aka buga tun tana raye, mai cewa haɗin yana narkar da ƙari a mahaifa ya fitar da shi in bai yi nisa ba, yana kuma tare sankara. Ba ta da hanyar sanin haka, kuma matar da ta gaskata wannan magana ta zauna a gida tana shan ruwan saiwa.

Yanzu ki bi wasiƙa ɗaya da ido, bayan rasuwarta. Ki ɗauka matar wani manomi ce a ƙauye, ta jira yara sun yi barci, ta zauna gaban fitila ta cika shafi huɗu. Ta rubuta abin da ba ta taɓa faɗa wa mijinta ba: yadda jinin ke zuwa, warin da take ji, yadda kwanciyar aure ta zame mata azaba, tsoron da ke hana ta barci. Ta liƙe ambulan, ta rubuta sunan Uwargida Pinkham, Lynn. Tallar ta yi mata alkawarin mata ne kaɗai ke buɗewa, su karanta, su amsa. Wasiƙar ta isa cikin buhu tare da ɗaruruwa irinta, ta faɗa hannun ma'aikaciyar da ba ta karanci likitanci ba. Ita kuma tana da amsoshin da aka riga aka tsara, na mai ciwon mara daban, na mai neman haihuwa daban, na wadda al'ada ke ɗauke wa daban. Ta zaɓi wanda ya fi kusa, aka buga a tafireta, aka sa hannu. Bayan kwanaki amsa ta iso ƙauye cikin lafazi mai taushi, matar ta karanta har ta ji sanyi a ranta, don karon farko ke nan wani ya saurare ta. A ƙarshen takardar an ce ta ci gaba da shan haɗin, ta haɗa da ƙwayar hanta ta kamfanin da ruwan tsarkinsu.

Duk wasiƙar da ta shiga, a bakin kwalba ɗaya take fita, domin mai ba da shawarar shi ne mai sayar da maganin. Ga kuma abin da ya fi wannan muni a idon mai aikin lafiya. Matar da ta rubuta "ciwon mara da zubar jini" tana iya zama mai ɓari, ko mai cikin da ya zauna a wajen mahaifa wanda zai iya fashewa ya kashe ta a dare ɗaya, ko mai ƙari, ko mai ciwon sanyi, ko mai sankarar bakin mahaifa. Kalmomin da za su rubuta iri ɗaya ne. Abin da ke raba su sai an danna ciki da hannu, an ja fatar ido an ga ko jini ya yi ƙasa, an auna zafin jiki, an duba bakin mahaifa da fitila. Takarda ba ta yin ko ɗaya daga ciki.

Wanda ya tona asirin shi ne Edward Bok, editan mujallar mata ta Ladies' Home Journal, wanda tun 1892 ya daina karɓar tallar irin waɗannan magunguna. Ya ɗauki wani matashin lauya, Mark Sullivan, ya sa shi bincike. A 1905 mujallar ta buga abu biyu gefe da gefe: tallar kamfanin mai nuna cewa Uwargida Pinkham na ɗakin haɗa maganinta a Lynn tana taimakon mata fiye da likitan gida, da hoton dutsen kabarinta mai ɗauke da ranar rasuwarta a 1883. Gani ya kori ji. Kamfanin ya kare kansa da cewa ai Uwargida Pinkham da yake nufi ita ce Jennie, matar ɗanta Charles. Amma hoton da ke saman tallar na tsohuwar ne, kuma ita matan ke gani a zuciyarsu lokacin da suke rubutu.

Abin da aka kama kamfanin Pinkham da shi ke nan. A sauran kasuwar an tarar da abin da ya fi shi ƙazanta, wato dillalan wasiƙu. Kamfani ya gama tatsar mai ciwo, sai ya tattara wasiƙun ya sayar wa dillali. Dillali ya ware su gwargwadon cuta, na masu tarin fuka dami guda, na kurame dami guda, na masu sankara, na matsalolin mata, na masu shan ƙwaya da ke neman dainawa, yana ba da haya dubu-dubu ga duk mai sabon magani. Matar da ta rubuta wa kamfani ɗaya sai ta ga takarda daga wani "likita" a wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba, yana lissafa mata alamomin ciwonta daidai, ta ɗauka baiwa ce gare shi, alhali wasiƙarta ce a gabansa. Bok ya kuma ba da labarin ofisoshin da samari akawu ke miƙa wa juna wasiƙun mata suna dariya. Maza ma ba su tsira ba. Masu tallar maganin ƙarfin maza kan fara da tsoratar da saurayi cewa mafarkin da yake yi alamar hauka ce ko mutuwar gaba, in ya rubuto ya faɗi sirrinsa shi ke nan ya shiga hannu, domin wanda ya rubuta irin wannan da hannunsa ba zai kai ƙara ba. Kunyar da ta kawo mutum ita ce kuma ke rufe masa baki bayan an cuce shi.

Adalci ya sa in faɗa miki cewa masu fallasar ma sun yi kuskure. Dokta Ray Vaughn Pierce na garin Buffalo yana da babban ofishin amsa wasiƙu da asibitin kwana, yana sayar da maganin mata mai suna Favorite Prescription. A 1904 mujallar Bok ta ce akwai barasa da ofiyom (wani kayan maye mai kashe zafin ciwo) a ciki, ta dogara da wani tsohon gwaji na shekaru da yawa baya. Pierce ya kai ƙara, aka sake gwadawa ba a samu ba, kotu ta ba shi diyyar dala 16,000. Ina ba ɗalibai wannan don su san cewa zargin magani ma sai da gwaji.

To, yana aiki? Haɗin Pinkham na asali saiwoyi huɗu ne na dajin Amurka da ƙwayar hulba, wannan dai hulbar da kika sani. Ɗaya daga cikin saiwoyin, black cohosh, har yau ana sayar da ita don zafin jikin da mata ke ji lokacin ɗaukewar al'ada, amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kanta ba a sami hujjar da ta isa a ce tana aiki ba. Wata kuma, life root, daga baya aka gane tana da sinadarin da ke lalata hanta. Sai barasa, wajen kashi 18 zuwa 20 cikin 100. A sana'armu barasa na da aikinta na gaskiya, tana jawo sinadarin saiwa tana kuma hana ruwan lalacewa, kuma abin da kamfanin ya ce ke nan. Babban cokali ɗaya, mililita 15, bai wuce mililita 3 na barasa ba, ba zai bugar da kowa ba. Amma ba mai tsaye a kan matar da ke cikin ciwo yana ƙirga mata cokali, kuma ƙarfin abin da ke kwalbar ya ninka na giyar kwalba sau uku ko huɗu. Da yawa daga masu shansa matan da ke yaƙi da shan giya ne, kamar ita kanta Lydia, sai dai su ba su san abin da suke kurɓa ba. Na wasu ya fi haka: Peruna, na Dokta Samuel Hartman a Columbus, wajen kashi 28 ne, Hostetter's Bitters kuwa ya kai 44, ya wuce wuski. Mafi ban tausayi shi ne Mrs. Winslow's Soothing Syrup, maganin fitar haƙorin yara, wanda mofin ne a ciki, wato sinadarin da ake cirowa daga ofiyom. Yaro ya yi shiru ya yi barci, uwa ta yi godiya, wasu yaran ba su farka ba.

Dalilin da ya sa mutane ke rantsuwa ya yi musu aiki ba boyayye ba ne. Ciwon mara na al'ada yana zuwa ya wuce da kansa, mutum kuma ya fi sayen magani a ranar da ciwo ya kai ƙarshe, washegari in ya sassauta sai a yaba wa kwalba. Barasa da mofin suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci. Mai sa gudawa kuma yana sa mutum ya ji "yana aiki, yana wanke dattin". Sannan wadda ta ji sauƙi ce ke rubuto godiya a buga a jarida, wadda ta mutu ba ta rubutu. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta bi diddigin wasu masu shaidar maganin tarin fuka, ta samo takardun mutuwarsu: tarin ne ya kashe su, shaidarsu kuma na ci gaba da fitowa a jarida.

Jaridu sun daɗe sun yi gum saboda tallar magani na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu. F. J. Cheney na Toledo, mai Hall's Catarrh Cure, ya ƙirƙiro wani sharaɗi da ake bugawa da jan tawada a kwangilar talla, cewa kwangilar ta rushe in jihar ta yi dokar da ta taɓa cinikin. Da an kawo ƙudiri a majalisar jiha, sai editoci su tashi su yaƙe shi da kansu. Mujallar Collier's ce ta fallasa wannan a 1905, shekarar da Samuel Hopkins Adams ya fara jerin rahotanninsa a cikinta ranar 7 ga Oktoba, inda ya ƙiyasta Amurkawa na kashe dala miliyan 75 a shekara kan waɗannan magunguna. Ranar 30 ga Yuni, 1906, shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar abinci da magunguna da masanin sinadarai Harvey Wiley ya daɗe yana fafutuka a kai. Dokar ba ta hana sayarwa ba, ta dai ce in akwai barasa, mofin, ofiyom, hodar iblis, tabar wiwi da wasu 'yan kaɗan, dole a rubuta a jiki.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 1911 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar wani Dokta Johnson na Kansas City mai sayar da maganin sankara, cewa dokar ta shafi ƙarya kan abin da ke cikin kwalba ne kawai, ban da ƙarya kan abin da yake warkarwa. Aka yi gyara a 1912, amma sai gwamnati ta tabbatar mutum ya yi niyyar zamba, wanda ke da wuya. A wancan tsakani gidan waya ne ya fi cizo: in aka tabbatar da zamba, sai a daina kai wa kamfani wasiƙa, a buga wa kowace hatimin "zamba" a mayar wa mai ita da kuɗinsa a ciki. Sai a 1938 aka wajabta nuna cewa sabon magani ba ya cutarwa kafin a sayar, bayan wani ruwan magani da aka narkar da sinadarin diethylene glycol, mai kashe ƙoda, ya hallaka mutum fiye da 100 a 1937, da yawa yara. Sinadarin nan ne dai ya kashe yara 84 a Nijeriya ta maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009. Kamfanin Pinkham kuwa ya rage barasa, ya sassauta alkawuran da ke jikin kwalba, cinikinsa ya kai ƙololuwa a 1925, iyalin suka sayar da shi a 1968.

Yanzu batun gwaggo. Shekarun baya, a ɗakin ba da magani na wani asibiti da na yi aiki, wata baiwar Allah mai kimanin shekara 55 ta zo da 'yarta, an turo su daga ɗakin mata. 'Yar ta ɗora baƙar leda a kan teburin da ke gabana, ta ce in duba ko za a iya haɗa waɗannan da abin da likita ya rubuta. Gorunan ruwa ne guda biyar da aka sake cikawa, ba suna, ba komai, sai farar takarda da aka manna da salatif, an rubuta "safe" a wasu, "dare" a wasu. Al'adarta ta ɗauke shekara shida, sai jini ya dawo. Wata takwas tana aika wa wani mutum saƙon murya, yana ce mata sanyi ne ya yi mata yawa, jinin da take gani dattin ne ke fita, ta ƙara haƙuri ta ƙara gora biyu. Na tambaye ta a hankali, "Hajiya, me ya hana ki zuwa tun farko?" Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Ai shi ba ya cewa in kwanta ya duba ni. Kuma yana saurarena har in gama." Takardar da ke hannun 'yar ta nuna sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta wuce inda tiyata za ta yi amfani. Har yau ina jin muryarta, kuma rabin maganarta tuhuma ce a kanmu ma'aikatan asibiti, da muke katse mara lafiya kafin ya kai jimla ta biyu, muke tambayar mace sirrinta a gaban layi.

Saboda haka kada ki je wa gwaggo da faɗa, kada ki ce mata an yaudare ta, za ta rufe miki ƙofa ta koma wa wanda ke saurarenta. Ki zauna da ita ku biyu, ki bar ta ta faɗi ciwon tun daga farkonsa har ta gama. Ki tambaye ta ko akwai jini bayan ɗaukewar al'ada ko bayan kwanciya, ko ruwa mai wari, ko ƙullutu a nono, ko rama ba dalili, ko kumburin ƙafa da raguwar fitsari. In akwai ko ɗaya, a wannan makon za ku je asibiti. In ma babu, ciwon da ya kusa shekara ana shan magani bai tafi ba ya isa a duba shi. Ki karɓi kwalaben ki karanta jikinsu: sunan mai yi, adireshi, abin da ke ciki, ranar lalacewa, lambar NAFDAC. Ki sani kuma lambar da ake ba maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa za ki ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ta daina tura hoton jikinta ko na takardun asibitinta ga lambar da ba ta san mai ita ba, don ba ta san wayoyi nawa za su shiga ba. Ranar zuwa ki riga ta shiga, ki roƙi a ba ta ma'aikaciya mace, a ja labule, ke kuma ki tsaya kusa da kanta in ta yarda. Ku tafi da kwalaben duka a leda, har waɗanda ta shanye, a nuna wa likita da mai ba da magani, a kuma roƙi gwajin ƙoda da na hanta.